Mai Kunne Ɗaya

A teburin shayin Mati, bakin tashar Ɗan Isa,
Alhaji Kalla ya jera na'urorinsa huɗu kan tabarma
kamar mai tallar takalma.
Wannan, in ji shi, mai nitso ce, tana jin ƙarfe gaba guda a ƙasa.
Wannan ta tsaba ce, zinariya ko ta kai ƙwayar gero sai ta yi kuka.
Wannan ba ta tsoron baƙin yashi.
Ta huɗun haya take zuwa, jikka biyar a wuni,
ita ke ciyar da sauran.
Sai ya dube ni: Nomau, har yanzu kana nan da tsohuwarka?

Ina nan da ita.
Mariƙinta na ɗaure da robar tayar keke,
faifanta ya sha duwatsun Jado har ya yi furfura.
Shekara shida muna tafe, na san bakinta.
Ƙusa tari take sa ta,
gwangwanin madara ihun ɗan akuya,
murfin lemo kuwa guɗar ƙarya.
Amma akwai wani nishi siriri can ƙarƙashin sauran,
kamar sauro a ɗakin maƙwabci.
Sau uku na ji shi.
Na fari ya yi mini rufin kwano a Bagalam,
na biyu ya biya bashin hanya,
na uku kwanson harsashi ne, ban riƙe ta da shi ba.

Na ce: Alhaji, kunnen hagu na baro shi a rami,
injin fasa dutse ya cinye shi.
Mai kunne ɗaya, me zai yi da baki huɗu?
Aka yi dariya.
Mati ya ƙara mini sukari bai karɓi ko dala ba.

Ban yi sati da wannan cika baki ba
Barira mai latas ta zo ƙofar gida ba takalmi:
ɗan kunnen uwarta ya faɗi a yashin Gulbi,
tsakanin rijiya da kwamin albasa.
Na ɗauko tsohuwata, na murza.
Shiru.
Na sake batir, na busa, na ɗan mare ta.
Waya ta tsinke daga ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Da ƙafata na je gidan Alhaji.
Bai ce komai ba, wannan ya fi zagi.
Ya miƙo mini mai tsabar, sabuwa dal, da gilashi mai lambobi.
Tun hantsi har la'asar tana magana,
ni kuwa kamar Bagobiri a kasuwar Lome.
Rami goma sha ɗaya na haƙa:
cokali, wuyan fitila, tsohon kwabo mai huda,
da wani abu da har yau ban san sunansa ba.
Ta faɗi gaskiya, ƙila. Ni ne ban ji ba.

Gab da magariba ƙaramar ɗiyar Barira
na wasa da yatsan ƙafa a gindin masaki,
ta ce: Inna, mene ne wannan?

Yau na sayar da aya buhu tara.
Kuɗin na nan a aljihun ciki, suna ɗumama mini haƙarƙari.
A shagon Tsahiru wata na rataye cikin leda,
mai gyara kuma ya ce wayar tsohuwata
za ta iso daga Kano Litinin,
in ba Litinin ba, Juma'a.

Na shiga na fito, na shiga na fito.
Tsahiru ya ce: Malam, saye ko kallo?
Na ce kunna ta dai in ji.
Ya kunna.
Na juya mata kunnen dama.