Farashin da Ya Tuna

Ƙarfe tara nake ɗaga ƙofar shago,
hawa na uku, kasuwar Yongsan,
kusa da matakalar lantarki da ta daina motsi tun bara.
Chil-seong yana bayana da gorar shayin sha'ir,
yana tambaya ko yau Talata ce.
Na ce Talata ce.
Jiya ma haka na ce masa.

Memori muke sayarwa.
Ɗan allo kore, bai wuce tsawon yatsa ba,
ƙwayoyi baƙaƙe jere a bayansa
kamar ƙudaje a kan ɓawon rake.
Shekara ashirin da shida muna ci daga wannan ɗan haki,
yau ga shi ya tsone wa duniya ido.

An ce manya ne suka ɓata a can sama.
Wannan ƙasa ta ce ba za ta sayar da injinta ba,
waccan ta ce to ita ma ta kulle ma'adininta,
wata ta ɗora haraji a bakin teku
kamar mai danne murfin tukunya da dutse.
Ban san fuskokinsu ba.
Na dai san hannun rigata ya yi baƙi
saboda gogar farashi a farin allo:
da hantsi won dubu tamanin,
da azahar casa'in da biyar,
kafin la'asar dillali ya bugo waya
ya ce kada ma in sayar, in jira.

Maƙwabcina Eom ya ɓoye kwali huɗu ƙarƙashin gadonsa,
ba ya barci, yana sauraren labarai kamar mai jiran haihuwa.
'Yata Hye-ryeon tana masana'anta a Icheon,
farar riga har gira, ita ke kwana da su.
Na tambaye ta ina suke zuwa.
Ta ce, Umma, ni ma bayan mota kawai nake gani.

Ran nan na sauka sayo miyar kifi.
Minti ashirin, wallahi bai fi ba.
Na dawo na tarar da shi tsaye bayan kanta,
ya gyara wuyan riga, ya sa tabarau,
fuskarsa irin ta shekarun da yake ɗaukar kwali biyu a kafaɗa.
Ya ce, Sun-deok, kasuwa ta yi kyau,
wata ɗaliba ta zo da ƙawayenta,
guda takwas na sayar.

Na buɗe littafi.
Rubutunsa ne, mai kyau, bai karkace ba ko ɗigo:
dubu talatin da biyu kowanne.
Farashin shekarar da kansa ya tsaya ke nan,
kafin likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarsa
da gurbi-gurbi kamar soso.

Na yi lissafi a tsaye.
Kuɗin hayar rabin wata ya bi matakala ya sauka
a cikin jakar yarinyar da ban taɓa gani ba.
Bakina ya cika da magana.
Shi kuwa yana murmushi, yana jiran yabo.

Abin da muke sayarwa, in aka ɗauke wuta,
komai ya sani sai ya zubar.
Nasa wutar ce ke tafiya a hankali,
ɗaki bayan ɗaki,
amma ya riƙe lamba ɗaya tak
daga lokacin da babu wanda ke fushi da wani a kanta.

Na zuba masa miyar, ta riga ta huce.
Wayar dillali tana ta kuka cikin aljihuna.
Ya ɗago kai daga kwano, ya ce,
gobe ki ƙaro kaya, suna tafiya sosai.
Na ce to.
Na ɗauki tsumma, na juya ga allo.