Reshen Kyari

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwar Dole,
fanka mai kukan tsohuwar akuya, tebur uku, kujera huɗu.
A nan muke saƙa manhajar lissafin ruwa:
wane famfo ya kawo yau a Garin Malam,
wane ya kwana tara bakinsa a bushe.

Rumbu muke ce wa inda rubutun ke kwana.
Ba gero a ciki, sai layi bisa layi,
kowanne da sunan mai shi da ranar da ya zuba.
Rumbun ba ya mantuwa. Ni ne mai mantuwa,
shi ya sa na ƙera wa kaina ƴan aike.

Na fari sunansa Mai-gadi.
Kafin ka zuba komai sai ya laluba kayanka,
kada lambar sirri ta bi ka ta fita tsirara.
Ya taɓa mai da Habsu sau bakwai a yini guda,
ta ce da mutum ne da ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ɗan-sauri kuwa layi goma sha ɗaya ne kacal.
Da haushi na rubuta shi, daren da Nijelek ta ɗauke wuta
ta tafi da gumin yini sukutum.
Yanzu da batir ya fara haki
sai ya tattara, ya ƙulle, ya ajiye,
in rezo ta dawo ya tura, ko ina minshari.

Sai Gatari.
Rassa sun yi yawa, kowa ya tsiro da nasa ya manta,
rumbu ya zama kamar geza a bakin ƙorama.
Na ce masa: duk reshen da ya shekara ba a taɓa ba,
jero min shi, in na ce e, ka sare.

Ran Laraba bayan la'asar, Girema na kan shayi na biyu,
na sake shi. Ya jero talatin da ɗaya.
Ina ta e, e, e, kamar mai amsa gaisuwar hanya,
sai ga na ƙarshe:
famfon Karkada, Kyari, wata goma sha huɗu.

Yatsana ya tsaya a sama.

Kyari mai gurgurar ƙuli-ƙuli a kan madannai,
mai sa wa kowane kuskure sunan kawunsa.
Hanyar Tanut ta karɓe shi wata Asabar,
da shi da babur ɗin aro.
Mun yi uku, mun yi bakwai, mun yi arba'in,
kujerarsa ta zama ta baƙi.
Reshen dai ba wanda ya tuna.

Na buɗe. Layi sittin, rabin tunani,
baka ɗaya a buɗe da ba a rufe ba.
Saƙon da ya bari a bakin ajiya:
"Ban gama ba. Wuta za ta tafi. Gobe."

Gatari bai san makabarta ba, kwana kawai yake ƙirgawa.
Ni na koya masa haka, bai yi laifi ba.
Na koma cikinsa na ƙara layi guda:
in ka ga sunan Kyari, wuce.

Girema ya leƙo da kofi a hannu.
Ya ce, wanda zai gaje mu zai tambayi dalilin layin nan.
Na ce, bari ya tambaya.
Rumbu zai nuna masa sunana, da ranar, da sa'a,
sauran kuma ya nemi mai shayi.

A waje ɗan ga-ruwa na tura kura ta nufi Birni,
jarkoki goma na gaisa da juna tsakanin duwatsu.
Karkada har yau sai an saya.
Na jawo reshen zuwa teburina,
na karanta a hankali kamar wasiƙar da ta yi latti,
shayina ya huce,
na rufe bakan da ya bari.