Abin da Mai Haƙar Rijiya Ya Sani

Cima ta aiko murya da asuba,
ina bisa dutsen Birni, inda waya take kamawa.
Ta ce, "Baba, nan sanyi ya fara saki.
Gobe za mu hau tsauni, katakai biyu a ƙafa,
nesa da hanyar da aka share."

Wai ƙanƙarar hawa-hawa ce.
Ta sama ta kwana ta yi ɓawo,
ta ƙasa gari ce, kamar tsakin gero.
Rana na ɗagawa ruwa zai ratsa tsakaninsu,
kafin azahar tsauni yakan tuɓe rigarsa.

Ban san ƙanƙara ba
sai wadda Sanda ke sarawa a kasuwar Dole,
ta narke kafin ka kai gida.
Amma shekara talatin ina cikin rijiya.
Na san laka bisa yashi.
Na san ƙarar nan, ƙasa-ƙasa,
kamar an sauke buhu a ɗakin maƙwabci.
Ita na ji a Mirriya
ranar da gaba shida ta rufe Nomau,
igiyarsa tana hannuna.

Na danna, na ce: ki haƙa kafin ki taka.
Ku fita da duhu, ku sauko da hantsi.
Kada ku ratsa gangare a tare,
ɗaya ya tsaya yana kallo.
In ƙasa ta yi nishi, ki juyo,
tsauni ba ya ƙaura.

Saƙon ya tafi. Alama ɗaya.
Dutsen ya fara ƙona mini tafin ƙafa.
Ina jiran ta biyu.