Zaren Kawu Isiya

Ranar Sakkwato ta ƙi sassautawa,
na fito aji, kaina kamar tukunya a murhu.
Malam Haliru ya cika allo da radiyan,
ni kuwa digiri na sani tun firamare,
ɗari uku da sittin, cif, ba gardama.
Wannan baƙuwa, wa ya gayyato ta?

Na ratsa ta shiyar dukawa,
warin jima ya tarbe ni tun daga kwana.
Kawu Isiya na zaune bisa buzu,
jar fatar akuya shimfiɗe gabansa,
zai fitar da fuskar tumtum.

Ya kafa ƙusa a tsakiya,
ya ɗaura zare, gawayi a bakin zaren,
ya ja, ya zaga,
da'ira ta rufe bakinta ba ko tangarɗa.

"Mi kika kallo, Nasiba? Riƙe man nan."

Zaren nan dai, daga ƙusa zuwa gefe,
shi ya kwantar bisa bakin da'ira,
yana awon tufkar da zai bi da ita.
Ɗaya, ya ɗiga gawayi.
Biyu. Uku, rabi ya kusa cika amma da saura.
Shida, ga ɗan gibi faɗin yatsa uku.
"Kullum haka," in ji shi,
"babban tumtum ko na yara,
shida da ɗoriya.
Wanda ya manta ɗoriyar, tufka ta gaza masa."

Na durƙusa, jakata ta zube.
Daga ƙusa na ja layi zuwa ɗigon fari,
na ja wani zuwa na biyu.
Bakin da suka buɗe tsakaninsu,
ashe ita ce baƙuwar tawa!
Radiyan ɗaya: zare ɗaya a gefe,
digiri hamsin da bakwai da ɗan ƙari.

Rabin zagaye, zare uku da ɗoriya,
shi Malam ke kira pai,
shi ne ɗari da tamanin ɗin da na sani.
Sai na tuna ɗan canjin Illela,
naira a dama, sefa a hagu,
ƙima ɗaya, baki biyu.
In digiri ke hannunka, ninka da pai,
ka raba da ɗari da tamanin.
In za ka koma gida, juya cinikin.

Kawu ya tsaga fatar gida takwas.
Na ce, "Arba'in da biyar kowanne,
wato pai bisa huɗu!"
Bai ko ɗago ba.
"Ni dai takwas na sani. Miƙo basilla."

Da magariba ta yi, na roƙi zaren.
Yana nan cikin littafin lissafi,
baƙi da gawayi, yana warin jima,
a shafin da jiya na naɗe don haushi.