Farau-farau

Gilashi biyar Tsalha ya yanka mini a bakin kasuwa,
ya liƙe su da gam, ya ce in bari su sha iska kwana biyu.
Jaka goma sha biyu. Ban faɗa wa Habsu kuɗin ba.
Na ɗebo yashi a Gulbi, inda ya ƙafe tun kaka,
na wanke shi sau bakwai a bahon wanki,
na jera tsakuwa, na dasa ciyawar roba,
na cika da ruwan famfo, garau, har kana ganin zanen tabarma ta ciki.
Kifi shida, jajaye, ba wanda ya kai ɗan yatsa,
sun zo daga Kano cikin leda, a kan cinyar yaron mota.

Don Lawali na yi.
Wata biyu ke nan da dawowarsa daga Jado,
shekara huɗu yana haƙar zinariya,
ya shigo da jaka ɗaya da tari.
Na ce ko zai sami abin kallo da ba bango ba.

Kwana uku, na tashi asuba,
ruwa ya koma farau-farau,
kamar an ɗauraye ƙwaryar fura a ciki.
Kifin sai inuwa, ja ya gilma, ya ɓace.

Na kwashe, na sake. Washegari ya fi jiya.
Na sake kwashewa, na goge gilashi da tsumma,
na zargi yashi, na zargi famfo,
na zargi wutar da ke ɗaukewa ta bar injin iska shiru,
na ƙara musu abinci don ban haƙuri.
Habsu ta leƙo ta ce, in kunu kake damawa, ga tsamiya.

Ran kasuwa Ɗan Gwamma ya kawo tarwaɗa daga Madarumfa.
Na ja shi har ɗaki. Bai taɓa gilashin ba,
ya dai tsuguna, ya sansana, ya yi dariya da haƙoransa uku.

Ya ce, ruwan nan baƙo ne, Malam Isufu.
Bai san yashi ba, yashi bai san shi ba.
Akwai ƙananan bayin Allah da ido ba ya kamawa,
suna neman wurin zama, ƙurarsu ce kake gani.
Kullum sun fara shimfiɗa, kai kuma ka zo ka naɗe.
Ka taɓa ganin wanda ya wanke Gulbi ran da ya kawo?
Ja yake zuwa, da kara, da takalmin wani,
shi ke kwantar da kansa.
Ba su abin da za su cinye kafin ka gama alwala.
In hannunka ya matsa maka, ɗebi buta biyu,
ka mayar da ruwan da ya kwana a randa.
Sauran, ka zauna a kan hannun.

Na zauna.
Ashe zama aiki ne.
A nan na ƙirga sau nawa nake tsayawa a ƙofar Lawali:
me ya faru can, ina abokanka, ina abin da ka samo.
Na haɗiye ta safe. Na haɗiye ta bayan la'asar.

Kwana na biyar, babu sauyi.
Na bakwai, wutsiya ɗaya ta fito sarai.
Na tara, na ga tsakuwar baya, mai jan tabo,
wadda na manta na saka.

Na sunkuya ina ƙirga kifi, huɗu, biyar,
sai ga ido biyu ta ɗaya gefen gilashin.
Ban ji shigowarsa ba.
Ya daɗe yana bin ƙaramin da kallo.

Ya ce, Baba, a can jarka ɗaya jaka uku ce.
Mu takwas muke rabawa.

Tambaya ta taso mini har maƙogwaro.
Na miƙa masa gwangwanin abincin,
na ce, kaɗan ake zubawa.