Tumbin Aro

Daren da muka gama sussukar gero
Ilu mai faci ya ce a share filin firamare.
Benci huɗu aka haɗa, dandali ya samu,
zanen gadon Tabawa ya zama labule,
fitila kuwa ta babur ɗin Cindo ce,
sai an murɗa mata wuta take gani.

Ilu ya fito da filo biyu a ciki,
malum-malum ta aro tana sharar ƙasa,
tabarau ba gilashi bisa karan hanci.
Bai kama suna ba.
Tari kawai ya yi, irin tarin nan,
Aujara kaf ta gane mai shi.

"Jama'ata, na kawo muku ruwa!"
Aka yaye tabarma, sai ga famfon kara
an shafe shi da shuni.
Ya buga, ya buga, filo na rawa,
ya buga har gumi ya tsattsafo,
ya tara moɗa ƙarƙashin haɓa:
"Ku sha, daga jikina na cire muku."

Goron Iya Kande ya faɗo daga baki.
Matan da ke sammakon rijiya da jarka
suka yi ta dariya suna matse ido.
Rabon da in ga ruwa haka a garinmu
tun damina.

Ashe mai tarin yana nan,
kan farar kujerar roba, gefen dalbejiya.
Muka yi tsit. Cindo ya saki totur,
duhu ya rufe mu.

Cikin duhun muka ji ƙyaƙyatawa.
Da haske ya dawo, ga shi kan dandali,
tumbi na gogar tumbi,
yana liƙa wa Ilu 'yan ɗari biyar a goshi:
"Yaron nan ya iya!
Wallahi kansilan gabas ne, sak!"

Kuɗin suka manne, gumi ya riƙe su.
Ilu bai san layin da zai faɗa ba,
mai ba shi amsa ma ya ɓuya bayan labule.

Da safe akuya ta cinye famfon kara.
Na ƙarfen yana nan inda aka dasa shi,
ƙadangare a kansa yana gyaɗa kai.
Na haɗu da Ilu a hanyar rijiya,
jarka uku a keke, ciki ya koma baya,
yana tafe yana gwada tarin,
wai bai fito daidai ba jiya.