Tsahara Matata Ce

Ran Laraba, in na tashi daga wankin bas,
nakan gangara ɗakin ƙasa na laburare a Bradford.
Mu tara ne, na goman na'urar ɗumi mai tarin tsofaffi.
Malama Brenda ta tsaga allo biyu da jan alƙalami:
hagu gidan abin da ake ciki,
dama gidan abin da ya shige.
Ta ce a Turanci kowace magana sai ta zaɓi masauki,
ba a kwana bisa katanga.

Da fari abin dariya ne.
Na so in ce na saba da tafiyar ƙasa,
ashe cewa na yi a da nakan taka, yanzu na bari.
Kalma ɗaya ce ta zube mini a hanya,
ba ta kai ƙwayar gero ba,
sai ga ni gurgu a bakin kaina.
Miro, ɗan Sulobakiya mai gyaran famfo,
ya yi dariya har ya share ido da hularsa.

Na koyi cewa zaman da na yi a Maraɗi
ƙofa ce da aka ja, aka ɗana kwaɗo,
zaman nan kuwa, shekara goma sha ɗaya,
wata siga gare shi, mai barin ƙyaure a sakaye.
Na ce to, sannu ba ta hana zuwa.

Sai aka ba mu aikin gida:
jimla biyar a kan iyalinka.
Huɗu sun zo ba gardama.
Ta biyar na rubuta Tsahara, na bar fili, na rubuta matata.
Filin bai kai faɗin farce ba.
Is, haruffa biyu. Was, uku.
Shayi ya huce, na sake ɗorawa, ya sake hucewa.

A harshenmu ba wanda ya taɓa tsare ni a nan.
Matata ce.
Ce ba ta ɗaura agogo.
Ranar da aka shafa fatiha, ce.
A hawa na uku na asibiti,
tana faɗa wai na sa gishiri ya yi yawa a miyar da na kai, ce.
A Scholemoor, layi na biyu daga shinge,
inda ƙasa ke kama takalmi kamar mai bin bashi,
nan ma ce.

Na tambayi Balkisa, da aka yaye ta cikin Turancin.
Ba ta ɗago daga waya ba ta ce, ukun ne, Baba.
Can ta miƙe ta shiga kicin,
na ji tana wanke kwanon da na riga na wanke.

Mayafinta na nan bayan ƙofa.
Har gobe kamfanin gas da sunanta yake aiko takarda.
In na juya cikin dare, gefen bango nake bari.
To wanne gida zan kai wannan, Malama, hagu ko dama?

Na cike filin da haruffa biyu.
Na tafi da shirin jan alƙalami,
har na tanadi abin da zan ce in ya sauka.

Ta bi layi-layi da yatsa,
ta gyara mini wani waƙafi, ta ƙara harafi a sunan titi.
Da ta iso ta biyar sai ta buga maki.
Babu kuskure, in ji ta. Suna mai daɗi.
Ka gaishe ta.

Na naɗe takardar, na sa a aljihun ƙirji.
Na ce za ta ji.
Da Hausa na faɗa.
Siffar abin da ke tafe sai mako mai zuwa za mu fara.